Ƙurjin da ke bin jijiya ya shiga kai

A wannan yanki namu na Gadarif, tun daga Doka da Ummu Rakuba har zuwa Gallabat a bakin iyakar Habasha, idan aka yi maganar ciwon da ake tsoro, abin da kan fara zuwa bakin jama'a shi ne zazzaɓin cizon sauro, ko kala-azar, ko kuma amai da gudawa idan damina ta kankama. Ba kasafai ake tunawa da ɗan ƙurji a gefen kunne ko a kan leɓe ba, domin kuwa ba ya kwantar da mutum, ba ya hana shi zuwa gona, sau da yawa ma ko zafi ba ya yi. To amma a cikin irin waɗannan ƙuraje akwai wanda ya wuce a rena shi, kuma a kansa ne muke son mu tattauna da masu karatu a wannan wata. Shi ne ciwon dajin fata, watau sankara ko kansa, musamman wanda kan fito a fuska da kai da wuya, sa'an nan ya samu jijiya ya bi ta, kamar yadda gara ke cin ginshiƙin rumfa, daga waje a gan shi lafiya lau alhali ciki ya tafi.

Kafin mu yi nisa sai mun warware wata matsala ta harshe. Bahaushe yana kiran abubuwa uku da suna ɗaya. Hanyar jini jijiya ce, igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ce, haka kuma farin zaren nan da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki shi ma jijiya ne. Larabcin da muke ji a asibiti ya raba su, yana cewa irƙi ga ta jini, asab ga ta saƙo. To wannan ta ƙarshe, watau asab, ita muke nufi duk inda muka ce jijiya a wannan bayani. Ita ce ke sa mutum ya ji an taɓa shi, ya ji zafi da sanyi, kuma ita ce ke ba tsoka umurni ta motsa.

Shi kuwa ciwon, asalinsa daga saman fata ne. Fatar ɗan Adam hawa-hawa take, kuma hawan sama an yi shi ne da wasu ƙwayoyi masu faɗi, a jere kamar ɓawon kifi. Idan waɗannan ƙwayoyi suka lalace suka shiga hayayyafa ba ƙa'ida, sai a samu abin da likita zai kira da Larabci saraɗan al-khalaya al-harshafiyya, a takardar gwaji kuma a kan taƙaita sunan da haruffa uku, SCC. Yakan fara ne kamar wani busasshen kirci mai kaushi, ko ƙurji mai tauri, ko miki mai ɗagaggen baki wanda kan yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, ya ɗan yi jini, ya sake yin wani ɓawon, wata da watanni ba ya warkewa.

Akwai masu cewa wannan ciwon Turawa ne, baƙar fata ba ruwanta da shi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Gaskiya ne baƙin launin da Allah Ya sa a fatarmu garkuwa ne daga hasken rana, shi ya sa ciwon ya fi yawa nesa ba kusa ba a ƙasashe irin su Ostireliya, inda fararen fata ke zaune ƙarƙashin rana mai zafi. Sai dai a shekarar 1993 wasu likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, watau Yakubu da Mabogunje, sun buga sakamakon bitar da suka yi wa marasa lafiya 775 masu baƙar fata da kuma zabiyoyi 18, dukkansu masu kansar fata. Abin da suka gano shi ne, wannan iri da muke magana a kansa shi ne ya fi kowane yawa a tsakanin 'yan Afirka, kuma a wajen zabiyoyi ya fi fitowa ne a kai da wuya. Zariya ba baƙon wuri ba ne ga yawancinmu, domin daga waɗancan ƙasashe kakannin da yawa daga cikinmu suka taso a kan hanyar hajji, ko cikin hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903.

Saboda haka a cikinmu mutum uku ne ya kamata su fi kowa sa ido. Na farko zabiya. Fatarsa ba ta da garkuwar nan ko kaɗan, kuma ranar Gadarif ba ta da sassauci. Yaron da ya tashi yana kiwo, yana cirar ciyawa a gonar dawa, yana yankan riɗi a watan Oktoba ba malafa, kafin ya kai shekara 20 za a ga kunnuwansa da ƙeyarsa da leɓensa na ƙasa sun yi kaushi, kuma da yawa ciwon kan bayyana gare su tsakanin shekara 20 zuwa 40, lokacin da mutum ke tsakiyar ƙarfinsa da ɗawainiyar iyali. An ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara akan samu zabiya ɗaya cikin mutum 5,000 zuwa 15,000, a wasu wurare kamar Tanzaniya abin ya fi haka yawa. Gado ne da ke zuwa ta wajen uwa da uba duka biyu, ko da su kansu baƙaƙe ne, shi ya sa a kan fi ganinsa a dangin da ke yawan auren zumunta. Babu tsafi ko laifin uwa a ciki.

Na biyu shi ne mai tsohon tabo. A wajen baƙar fata ciwon ya fi son tsohuwar ƙuna da gyambon da ya daɗe. Yaro ya faɗa murhu yana rarrafe, ko mai farfaɗiya ya faɗa wuta, wurin ya warke ya bar tabo, sai bayan shekara 20 ko 30 tabon ya buɗe ya ƙi rufewa. Likitoci na kiran wannan da sunan wani likitan Faransa, Marjolin, wanda ya yi rubutu a kan irin waɗannan miyaku a 1828. Ya fi yawa a ƙafa, amma yana fitowa a fatar kai da fuska idan can ne ƙunar take. Na uku kuwa shi ne wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai ɗauke da cutar ƙanjamau, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda yana shan maganin hana jiki ƙin ƙodar.

Yanzu sai mu zo ga ainihin maganar, watau yadda ciwon ke bin jijiya. Daga ƙwaƙwalwa akwai jijiyoyi tagwaye guda 12 da ke fitowa ta wasu ƙananan kafofi a gindin ƙoƙon kai. Biyu daga cikinsu su ne ke riƙe da fuska. Ta biyar ita ce ta ji, kuma ta rabu reshe uku: ɗaya ya nufi goshi da saman kai, ɗaya ya nufi kunci da gefen hanci da leɓen sama da haƙoran sama, na uku ya sauka muƙamuƙi da haɓa da leɓen ƙasa. Mai karatu zai iya shafa girarsa daga wajen hanci, zai ji wani ɗan gurbi a ƙashin, to ta nan reshen goshi ke fitowa. Na kunci yana fitowa ƙasa da ido kaɗan, na haɓa kuma a gefen haɓa. Ita kuwa ta bakwai, wadda kowa a ƙasar nan ya san sunanta, al-asab as-sabi, ita ce ta motsi. Tana fitowa ƙarƙashin kunne, ta ratsa cikin ƙullin yawun nan da ke kumbura idan yaro ya yi hangum, sa'an nan ta bazu reshe biyar kamar yatsun hannu, ita ke ɗaga gira, ta rufe ido, ta motsa baki.

Kowace daga cikin waɗannan jijiyoyi tana ƙarewa ne da siraran rassa a cikin fata. Idan kansar ta nutsa ƙasa ta tarar da ɗaya daga cikin rassan, sai ƙwayoyinta su kewaye shi, su shiga tsakanin jijiyar da rigar da ta lulluɓe ta, su riƙa rarrafawa. A da an ɗauka cewa hanya ce kawai mai sauƙin bi suka samu. Binciken baya-bayan nan ya nuna abin ya wuce haka, domin ita kanta jijiyar tana fitar da wasu sinadarai na girma da ke jawo ƙwayoyin kansar, su kuma suna fitar da nasu da ke sa jijiyar ta miƙo musu reshe. Galibi tafiyar baya-baya take yi, daga ƙaramin reshe zuwa babba, daga babba zuwa kafar ƙashi, daga nan zuwa gindin ƙwaƙwalwa. Akwai ma wurare, kamar gaban kunne, inda ta biyar da ta bakwai suke haɗuwa, ciwon ya tsallaka daga wannan zuwa waccan. Ba sabon ilmi ba ne, tun a 1835 wani masanin Faransa mai suna Cruveilhier ya bayyana kansa tana bin jijiya.

Kada hankalin mai karatu ya tashi fiye da kima. Yawancin masu wannan kansar fata ba ta kama musu jijiya, kuma idan aka yanke ta da wuri an rabu da ita ke nan. Alƙaluman da aka fi ambata sun nuna kimanin kashi 5 cikin 100 ne ake samun ta kama jijiya, ko da yake wasu asibitocin da ke karɓar masu tsananin ciwo sun samu har kashi 14. A cikin waɗannan kuma, wajen kashi biyu bisa uku ba sa jin komai, sai a ɗakin gwaji ne ake ganin abin ta madubin likita bayan an yanke ƙurjin. Wannan shi ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne wanda ya riga ya kai babbar jijiya har mutum ya fara jin alamu.

Alamun nan su ne zuciyar wannan bayani, don haka za mu ɗan tsaya a kansu. Ta farko da marasa lafiya suka fi faɗa ita ce jin kamar kiyashi na tafiya a ƙarƙashin fata, a wuri ɗaya, kullum a wurin nan. Abin sha'awa, Larabci ma daga sunan tururuwa ya samo kalmarsa, tanmil. Daga nan sai sagewa, mutum ya ji wani yanki na kuncinsa ko goshinsa ko leɓensa kamar ba nasa ba, yana alwala ruwa ya taɓa wurin bai ji sanyinsa ba, ko wanzami ya yi masa aski bai ji wucewar aska ba. Wani kuma zafi yake ji, kamar ƙuna ko kamar fizgar lantarki, har ya ɗauka ciwon haƙori ne ya je a cire masa haƙori mai lafiya, zafin bai daina ba. Idan ta bakwai ce ta kamu, sai gira ɗaya ta fara sauka, bayan wasu watanni ido ya ƙi rufuwa sosai, daga baya baki ya karkace, shayi ya riƙa zuba ta gefe. Idan abin ya yi nisa har ya kai jijiyoyin da ke juya ido, mutum ya fara ganin abu bibbiyu.

A nan ne ake yawan ɓata lokaci, kuma ba a ƙauye kaɗai ba. Karkacewar baki abu ne da muka saba gani, wasu su ce iska ce ta mari mutum, wasu su ce sanyin asuba ne ya buge shi, a asibiti kuma a ce al-asab as-sabi ne, a ba da ƙwayoyi, a ce a riƙa tausa. Sau da yawa hakan daidai ne, domin shanyewar fuska ta yau da kullum ta fi wadda kansa ke kawowa yawa ƙwarai. Amma akwai bambanci wanda ko mu da ba likitoci ba za mu iya riƙewa. Ta yau da kullum farat ɗaya take zuwa, cikin kwana ɗaya zuwa uku, ta kama rabin fuska gaba ɗaya daga goshi har haɓa, kuma yawanci cikin mako uku za a fara ganin sauƙi, cikin wata uku zuwa shida mafi yawan mutane sun warke. Ta kansa a hankali take zuwa, reshe bayan reshe, ba ta ja da baya, kullum gaba take yi, kuma sau da yawa tana tafe da sagewa ko zafi. Duk karkacewar fuskar da ta wuce wata uku ba alamar sauƙi, ko take ƙaruwa, to a koma wurin likita, kada a ce ai an riga an gani.

Akwai wasu cututtuka biyu da ya kamata mu ambata domin kada a rikita su da wannan. Idan baki ya karkace nan take tare da mutuwar hannu ko ƙafa ko sarƙewar magana, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, ba a jira ko awa ɗaya. Kuturta ma tana kama jijiyoyin fuska, tana kawo sagewa da rashin rufuwar ido, amma ita tana da maganinta, kuma ma'aikacin lafiya ya san tabbanta. Haka kuma a yankin da ƙudan kala-azar yake da yawa kamar namu, ba kowane miki ko ƙurji a fuska ne kansa ba. Ido kaɗai ba ya rabe su, sai an ɗebi ɗan nama an auna.

Wani abin da ya sa ciwon ke ɓuya shi ne, lokacin da alamun jijiya suka bayyana, mai yiwuwa babu komai a fata. An yanke ƙurjin bara ko bara waccan, wurin ya warke sumul, mai shi ma ya manta. Likitocin birnin Brisbane na jihar Queensland a Ostireliya, musamman na asibitin Princess Alexandra, waɗanda suna cikin waɗanda suka fi kowa ganin irin wannan ciwo a duniya, sun sha rubuta cewa marasa lafiyarsu kan yi watanni suna yawo tsakanin likitan haƙori da likitan ido da na jijiyoyi kafin a gane abin da ke faruwa. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da na'ura a kowane lungu, ina ga mu? Darasin da ke ciki shi ne, mai irin waɗannan alamu ya faɗa wa likita da bakinsa cewa an taɓa yanke masa ko ƙone masa wani abu a fuska, ya nuna wurin, ya faɗi shekarar, ko da ba a tambaye shi ba.

Wannan ya kawo mu ga wata al'ada da muke ganin lokaci ya yi da za a sake dubawa. Ba mu da niyyar rena wanzamai da basirai, sun yi wa al'umma aiki tun ba a san asibiti ba. Amma ƙurjin fuska mai tauri da ya ƙi warkewa bai kamata a yi masa lalas ko sakiya ba, bai kamata a ɗaure shi da zare ko a shafa masa abu mai cin nama ba. Wuta tana cinye abin da ke sama ne, ta bar saiwar, ta kuma ɓatar da shaidar da za a auna. Ko a asibiti ma, idan aka yanke irin wannan ƙurji, haƙƙin mara lafiya ne ya tambaya ko za a aika naman ɗakin gwaji. Mun san kuɗin gwajin yana da nauyi ga talaka, kuma sakamakon yakan ɗauki makwanni, amma yanka ba gwaji tamkar biyan kuɗi ne ba a karɓi rasit ba.

Idan takardar sakamako ta fito, akwai abubuwan da za a roƙi likita ya karanta ya fassara. Shin an cire ciwon duka, gefensa da ƙasansa sun fita tsaf? Zurfinsa nawa? Sa'an nan, an ga ya kama jijiya, abin da ake taƙaitawa da PNI? Idan an gani, kaurin jijiyar ma abin dubawa ne. A tsarin auna matakin kansa na likitocin Amurka wanda aka fara aiki da shi a 2018, idan jijiyar da ta kamu ta kai kaurin kashi ɗaya bisa goma na milimita, watau kamar silin gashin kai, ko kuma tana ƙasa da fata, to ana ɗaga ciwon zuwa mataki na uku ko da shi ɗan ƙarami ne a ido. Dalili kuwa shi ne irin wannan ya fi saurin dawowa, ya kuma fi saurin kaiwa ga kaluluwar gaban kunne da ta wuya. Wannan takarda a adana ta kamar takardar gona. A ɗauki hotonta a waya, a aika wa wani ɗan'uwa ya ajiye, domin shekarun nan sun koya mana cewa asibiti ma yakan yi gudun hijira ya bar fayilolinsa.

Magani ya dogara ne ga inda ciwon ya kai. Idan a ƙananan rassa ne, akan sake yanka a faɗaɗa, sau da yawa kuma a bi da gashi na na'ura, wanda a nan ake kira ilaj bil ashi'a, kwana biyar a mako har kimanin mako shida. Idan kuwa akwai alamu, sai an ɗauki hoton MRI, watau ranin, domin shi ne ke nuna jijiya sosai, hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta. Da shi ake sanin ko ciwon yana waje da ƙoƙon kai, ko ya shiga kafar ƙashi, ko ya wuce har gindin ƙwaƙwalwa. A matakai biyu na farko ƙwararrun likitocin tiyata suna iya bin jijiyar su cire ta har inda ciwon ya tsaya, a bi da gashi, kuma mutane da yawa sun rayu shekaru bayan haka, ko da yake wurin yakan zauna a sage har abada. A mataki na uku tiyata ba ta cika yiwuwa ba. Tun daga 2018 an samu wata sabuwar allura mai suna cemiplimab da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi wannan kansa, ta kuma taimaki wasu da aka fid da rai da su, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin manomi. Tazarar da ke tsakanin matakin farko da na ƙarshe 'yan santimita ce kawai, kuma watannin da ake ɓatawa ana tausa da hayaƙi su ne ciwon ke amfani da su ya cinye ta.

Ina za a je? Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Shekaru da dama duk mai buƙatar gashi daga gabashin ƙasar nan hanyarsa biyu ce: asibitin Zarra na Khartum wanda aka buɗe a 1967, kimanin kilomita 400 daga Gadarif, ko kuma cibiyar kansa ta Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, wadda ta fi kusa. Da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 aikin Zarra ya tsaya, marasa lafiya suka kwarara Madani. A Disamba na wannan shekarar Madani ma ta faɗa cikin yaƙin, nauyin gashi ya koma kan cibiyar Marawi can arewa, cibiyar kansa ta gabas da ke cikin garin Gadarif kuma ta cika da waɗanda suka gudo. Sojoji sun karɓe Madani a Janairu 2025, Khartum kuma a Maris, amma na'urar gashi ba abin da ake gyarawa dare ɗaya ba ne. Saboda haka shawararmu ita ce a bi mataki-mataki: daga ƙaramin asibitin gari, ko na sansanin Ummu Rakuba da aka sake buɗewa a Nuwamba 2020 domin masu gudun yaƙin Tigray, a nemi takardar turawa zuwa Gadarif, a can ne likitan kansa zai faɗi cibiyar da na'urarta ke aiki a wannan lokaci. Kada a sayar da buhunan riɗi a hau mota kan jita-jita. Kuma wanda ke da abin nunawa ya yi ƙoƙari ya nuna kafin ruwa ya sauka a Yuni, domin kowa ya san halin laƙar ƙasar nan, idan ta jiƙa sai ta tsare mutum a ƙauye har Oktoba.

A gefe guda, masu sa tumbak a bayan leɓe su ma maganar ta shafe su. Kansar baki da yake jawowa 'yar'uwar wannan ce, kuma tana iya bin jijiyar haɓa. Sagewar leɓen ƙasa da haɓa ba dalili abin kai wa likita ne.

Mu malaman makaranta akwai abin da ke hannunmu wanda bai buƙatar na'ura. Lalacewar fatar zabiya tun yana ƙarami take farawa, kuma a gabanmu take faruwa. Ɗalibi zabiya bai kamata ya tsaya a rana lokacin taburin safe ba, bai kamata a hore shi da durƙuso a fili ba, kuma dokar kayan makaranta ba ta isa ta hana shi sa malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu ba. Hula da hirami ba sa rufe kunne da ƙeya, malafar kaba irin ta makiyaya ta fi su. 'Yan mata lulluɓinsu yana taimakawa, amma hanci da leɓe suna waje. A zaunar da shi a layin gaba saboda raunin idonsa, nesa da hasken taga. Iyaye kuma su duba masa sana'ar inuwa tun da wuri, kamar ɗinki ko tsaron shago ko karatu mai zurfi, idan kuma gona ta zama dole, to a fita da asuba a dawo kafin ƙarfe goma, a koma bayan la'asar. Sunan garinmu ma daga rakuba aka samo shi, watau rumfa, kuma kafa rumfar kara a gefen filin makaranta ko a bakin gona bai fi aikin yini ɗaya ba.

Man shafawa na kariya daga rana, mai lamba 50, yana da amfani sosai ga fuska da kunne da bayan hannu, a shafa da safe a sake da rana. A Tanzaniya, a garin Moshi, akwai cibiyar koyar da likitancin fata da ke haɗa irin wannan mai domin zabiyoyi, a 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna. Wannan ya ba kwamitocin unguwa da ƙungiyoyinmu hujjar neman a kawo shi asibitocin yankin kamar yadda ake kawo sauran magunguna. Ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin zabiyoyi tun daga 2015, lokaci ne mai kyau na tada wannan magana a masallaci da makaranta.

Ga wanda aka riga aka yi wa aiki kuwa, shekara biyu na farko su ne lokacin da ciwon ya fi dawowa, don haka ba a yanke zuwa asibiti don wurin ya warke. Sau ɗaya a wata, a cikin haske, wani na gida ya duba masa tabon da bayan kunne da ƙeya da tsakar kai inda shi ba ya gani. A shafa gaban kunne da ƙarƙashin muƙamuƙi da gefen wuya ko akwai kaluluwa mai tauri. Sa'an nan ya rufe ido, a taɓa goshi da kunci da haɓa da ɗan auduga, dama da hagu, ya faɗi ko ji ɗaya ne. A sa shi ya ɗaga gira, ya runtse ido, ya hura kumatu. Idan aka ga wani ɓangare ya bambanta da ɗan'uwansa, a rubuta ranar, a ɗauki takardar gwajin nan, a nufi Gadarif cikin makon.